Kujerar Darakta: Yadda Ake Hawanta da Abin da Ke Zaunar da Mutum a Kai

Idan fim ya ƙare sunaye suka fara wucewa, wani lokaci sukan kai ɗaruruwa. Amma mutum ɗaya ake ɗora wa alhakin aikin baki ɗaya. Fim ya yi kyau, a ce darakta ya iya. Ya lalace, a ce shi ya ɓata. Alhali sau da yawa wani ne ya rubuta labarin, wani ke riƙe da kyamara, wasu ke fitowa a gabanta, kuɗin da ake kashewa kuma na wani ne can daban. Wannan ya sa mutane da yawa, har da matasan da ke mafarkin shiga sana'ar, ba su da cikakken hoton abin da darakta yake yi, balle su san yadda ake shekara talatin ana cin abinci da wannan aiki.

Aikin darakta yanke shawara ne, daga ranar da aka miƙa masa rubutun labari har ranar da aka rufe ɗakin editin. Wa zai hau wannan matsayi a cikin 'yan wasa? A wane gida za a ɗauki wannan fitowa? Rigar jaruma ja ce ko shuɗiya? Kyamara ta tsaya cak ko ta bi jarumi? Kiɗa ya shigo a nan, ko a bar shiru ya yi aikinsa? Kowane sashe yana da gwaninsa, kuma galibi gwanin ya fi darakta sanin fanninsa. Mai ɗaukar hoto ya fi shi sanin haske, edita ya fi shi sanin inda za a yanka, ɗan wasa ya fi shi sanin yadda ake fito da hawaye. Abin da darakta yake da shi wanda sauran ba su da shi, shi ne fim ɗin gaba ɗaya a cikin kansa. Ba a ɗaukar fim a jere kamar yadda ake kallonsa. Ana tattara duk fitowar da ke wuri ɗaya a ɗauke su tare domin rage kashe kuɗi, don haka ana iya ɗaukar mutuwar jarumi ranar Litinin, a ɗauki haɗuwarsa ta farko da jaruma ranar Juma'a. Mutum ɗaya ne dole ya san irin nauyin zuciyar da ɗan wasa ya kamata ya shigo da shi a kowace fitowa, da inda aka fito, da inda za a.

Mu matso kusa mu dubi yammacin wata ranar ɗauka. Saura kamar awa guda rana ta faɗi. A takardar aikin ranar akwai hotuna shida da ba a ɗauka ba, kuma kowa ya san uku kaɗai lokaci zai bari. Mataimakin darakta na farko, wanda shi ne mai riƙe da agogo da jadawali, ya zo ya raɗa masa cewa gobe ba za a sake samun wannan wuri ba. Mai ɗaukar hoto yana roƙon minti goma ya gyara fitila. Jaruma ta yi fitowar sau huɗu, ba ta kai inda ake so ba, ta fara jin kunyar mutanen da suka zuba mata ido. Mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da cewa komai ya yi daidai daga hoto zuwa hoto, ta lura cewa a ɗaukar baya kofin yana hannun hagu, yanzu ya koma dama. Duk waɗannan mutane suna jiran baki ɗaya. A nan darakta zai yanke: a riƙe babban hoton da ke nuna kowa, a zubar da hotuna uku, a sa sauran lokacin a hoton kusa na fuskar jaruma, domin a nan fitowar take. Sai ya je kusa da ita, ya rage murya yadda ba mai ji sai ita, ya faɗa mata abu ɗaya da za ta iya yi da jikinta, misali kada ta dube shi sai ya gama magana. Daraktan da ya ƙware ya san cewa "ƙara baƙin ciki" ba umarni ba ne da ɗan wasa zai iya aiki da shi. Ana ba shi abin yi ne, baƙin cikin ya zo da kansa.

Wanda ya iya wannan awa guda, ya iya rabin sana'ar. A ganina wannan ne abin da aka fi mantawa da shi idan ana yabon manyan daraktoci. Ana ta maganar basira da hangen nesa, kuma gaskiya ne suna da su. Amma basirar da ba ta iya kammala aikin yini kafin duhu, da wuya a sake ba ta kuɗi.

Hanyar shiga ba ɗaya ba ce, kuma babu takardar shaidar da ke mai da mutum darakta. Tarihin waɗanda suka yi suna ya nuna haka ƙarara. Alfred Hitchcock ya fara ne da zana rubutun da ake sakawa tsakanin hotuna a zamanin fina-finai marasa sauti a Landan, a farkon shekarun 1920, ya bi ta sassa daban-daban kafin ya kammala fim ɗinsa na farko a 1925. David Lean edita ne na shekaru kafin ya zauna a kujerar. Akira Kurosawa ya shiga wani kamfanin fim a Tokyo a 1936 a matsayin mataimakin darakta, ya yi shekaru a ƙarƙashin Kajiro Yamamoto yana koyon rubutu da editin, sai a 1943 aka ba shi nasa. Ridley Scott ya yi aikin tsara dandali a BBC, ya shafe shekaru yana ɗaukar tallace-tallace, bai fitar da dogon fim ba sai 1977, yana dab da shekara 40. Tunde Kelani ta hanyar kyamara ya shigo, ya daɗe yana ɗaukar hoto a fina-finan wasu kafin ya kafa kamfaninsa na Mainframe a 1991.

Wasu ma daga nesa suka taho. Ousmane Sembène na Senegal ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya zama marubucin littattafai, sannan ya lura cewa mutanen da yake rubutu dominsu yawancinsu ba sa karanta Faransanci. Ya tafi Mosko ya koyi aikin fim, ya fitar da gajeren fim a 1963 yana da shekara 40. Oumarou Ganda na Nijar ya yi soja, ya yi leburanci a Abijan, inda daraktan Faransa Jean Rouch ya sa shi a gaban kyamara. Daga baya ya koma bayanta, kuma shi ne ya fara lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Satyajit Ray na Indiya ma'aikacin kamfanin talla ne. Ya fara ɗaukar fim ɗinsa na farko a 1952 da 'yan wasa da ma'aikatan da yawancinsu ba su taɓa yin fim ba, kuɗi suka yi ta yankewa, har sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta sa hannu aka kammala a 1955. Shekara guda bayan haka aka karrama fim ɗin a bikin fina-finai na Cannes a Faransa.

Makarantu suna nan, kuma suna da amfani. Ta Mosko, wadda aka kafa a 1919, ita ce mafi daɗewa a duniya, kuma a can Souleymane Cissé na Mali ya yi karatu. Indiya ta buɗe tata a Pune a 1960. Abin da makaranta ke bayarwa shi ne kayan aiki, da damar yin kuskure ba tare da an yi asarar dukiyar wani ba, da abokan karatu waɗanda gobe su ne masu ɗaukar hoto da editocin da mutum zai yi aiki da su. Abin da ba ta bayarwa shi ne aikin farko. Wannan sai wani mai kuɗi ya ga abin da ka yi da hannunka ya yarda da kai, shi ya sa gajeren fim ya zama takardar neman aiki ta gaskiya a wannan sana'a. Steven Spielberg gajeren fim ne ya sama masa kwantiragi da kamfanin Universal a 1968, kuma talabijin aka fara tura shi. Yana ɗan shekara 22 aka ba shi ya ba Joan Crawford umarni, matar da ta fara fim tun kafin a haife shi da fiye da shekara ashirin.

Yanzu ga inda lamarin ya fi sarƙaƙiya, wato tambayar wa ke da ta cewa. Darakta magini ne da ke gini a filin wani da kuɗin wani. Yana iya zama shi ya fi kowa sanin yadda ginin zai yi kyau, amma mabuɗin ba a hannunsa yake ba. Furodusa ne ke nemo kuɗi, shi ke ɗaukar darakta aiki, kuma shi ke iya sallamarsa. A manyan kamfanonin Hollywood na shekarun 1930, darakta ma'aikaci ne mai albashi. Sau da yawa ana miƙa masa rubutu kwanaki kaɗan kafin ɗauka, ya gama ya wuce wani aiki, wasu su haɗa fim ɗin ba da shi ba. Wannan na cikin abin da ya sa daraktoci suka kafa ƙungiyarsu a 1936, King Vidor ya zama shugabanta na farko, sannan a 1960 ta haɗe da ta daraktocin rediyo da talabijin. Daga cikin abin da ƙungiyar ta ƙwato wa 'ya'yanta akwai haƙƙin darakta ya zauna da edita ya haɗa fim ɗin yadda yake gani, ba tare da kowa ya tsoma baki ba. A babban fim, mako 10 ake ba shi. Amma a lura da kyau: haɗin farko ne nasa. Bayan ya nuna, kamfani na iya yankewa, ya sake jere, ya canza ƙarshen labari, har ya sa a sake ɗaukar wasu fitowar. Ikon cewa "haka fim ɗin zai fita, ba mai taɓa shi" kaɗan ne daga cikin daraktoci ke samunsa a kwantiragi, kuma yawanci sai waɗanda suka riga suka kawo wa kamfani riba mai yawa.

Labarin daraktan Amurka Orson Welles ya isa misali. Yana ɗan shekara 24 kamfanin RKO ya ba shi ikon da ba a saba ba kowa ba, ya yi fim ɗin da ya fito a 1941 wanda har yau ake sa shi a sahun gaba na fina-finan duniya. Fim ɗin bai kawo kuɗi ba a lokacin. A na biyu, a 1942, yana Brazil kamfanin ya yanke fiye da minti 40, aka ɗauki sabon ƙarshe, aka lalata abin da aka cire. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana fitowa a fina-finan wasu domin ya tara abin da zai yi nasa. Irin wannan rikici ya yi yawa har ƙungiyar daraktocin Amurka ta tanadi wani sunan aro, Alan Smithee, wanda daga 1969 zuwa wajen 2000 darakta kan nemi a sa a maimakon nasa idan an ƙwace masa fim an mai da shi abin da ba ya son a danganta shi da shi.

A Faransa doka ta ɗauki wata hanya. Can darakta yana cikin waɗanda doka ta amince su ne mawallafan fim, kuma ba a cewa fim ya kammala sai shi da furodusa sun yi ittifaƙi a kan haɗin ƙarshe. A Amurka kuwa kamfanin da ya biya kuɗi shi doka ke kallo a matsayin mai aikin. Bambancin ya fito fili a 1991, lokacin da babbar kotun Faransa ta goyi bayan magadan daraktan Amurka John Huston a kan cewa ba a da ikon sa wa fim ɗinsa na baƙi da fari launi a nuna a ƙasar. Daga Faransa kuma ra'ayin nan ya taso, a rubutun François Truffaut na 1954 a mujallar Cahiers du Cinéma, cewa darakta na ƙwarai shi ne marubucin fim na haƙiƙa, ana gane hannunsa daga wannan aiki zuwa wancan. Ra'ayin ya ɗaga darajar sana'ar ƙwarai, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Sai dai ya jawo wata illa da nake ganin har yau tana cutar da masu tasowa: ya sa wasu suna zuwa wurin ɗauka da tunanin cewa sauran ma'aikata hannuwa ne kawai na aiwatar da abin da ke kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daraktan da ya rufe kunnensa ga mai ɗaukar hoto da edita ya yi asarar mafi arhar shawarar da zai taɓa samu.

A talabijin lissafin ya juye gaba ɗaya, kuma wanda bai fahimci wannan ba zai sha mamaki. A shiri mai dogon zango, musamman a tsarin Amurka, mai iko shi ne jagoran shirin, wanda galibi marubuci ne kuma furodusa a lokaci guda. Shi ya san inda labari zai kai bayan zango uku. Daraktoci kuwa zuwa suke yi suna tafiya. Dalilin na aiki ne: yayin da ake ɗaukar kashi na biyar, dole wani yana shirya na shida, wani kuma yana ɗakin editin da na huɗu. Mutum ɗaya ba zai kasance a wuri uku ba. Kashi mai tsawon awa guda a al'adar gidajen talabijin na Amurka yakan ci kamar mako guda na shiri, da kwana takwas ko kusa da haka na ɗauka, sannan a ba darakta 'yan kwanaki ya haɗa, ya miƙa wa jagoran shiri, ya kama gabansa. Shafi ɗaya na rubutun fim yakan yi daidai da kusan minti ɗaya a allo. Babban fim na silima na iya wuni a kan shafi biyu ko uku, a talabijin kuwa shafi bakwai ko takwas a yini ba abin mamaki ba ne.

Dubi halin da baƙon darakta ke shiga a safiyarsa ta farko. Ya tarar da ma'aikatan da suka shekara huɗu tare, kowa ya san halin kowa. Jarumin ya yi wannan matsayi a kashi sittin, ya san yadda mutumin yake zama da yadda yake fushi fiye da duk wani baƙo. Mai ɗaukar hoto ya riga ya san launin shirin da irin hasken ɗakunansa. Idan baƙon ya shigo da niyyar nuna salon kansa, kafin azahar an daina saurarensa. Idan kuma ya zo hannu rabbana bai shirya ba, kafin azahar ɗin ma an gane. Abin da ake nema gare shi shi ne ya karanta rubutun fiye da kowa, ya san fitowa biyu ko uku da kashin ya dogara a kansu, ya ba su lokaci, ya yi sauri a sauran, ya kawo isassun hotuna yadda jagoran shiri zai sami zaɓi a wurin editin. Wannan ƙwarewa ce ta musamman, kuma ban yarda da masu raina ta ba. Mutumin da zai shiga shirin 'yan sanda a wannan wata, na asibiti a wata mai zuwa, kowanne ya yi shi kamar ɗan gida, ya san aikinsa.

Akwai daraktan talabijin ɗaya da matsayinsa ya bambanta, shi ne wanda ya ɗauki kashin farko na gwaji. Shi ke sa hannu a zaɓen 'yan wasa, shi ke kafa kamannin shirin da duk waɗanda za su biyo baya za su bi. Shi ya sa sau da yawa ake sa sunansa cikin manyan furodusoshi, yana kuma samun wani kaso muddin shirin na ci gaba. Sai kuma shirye-shiryen barkwanci da ake ɗauka da kyamara uku ko huɗu a gaban 'yan kallo, waɗanda aikinsu ya fi kusa da wasan daɓe. James Burrows ya ba da umarni a kashi sama da 1,000 na irin waɗannan, yawancin masu dariya a gidajensu ba su san fuskarsa ba. Daraktan shirin kai-tsaye, kamar labarai ko ƙwallo, wani fanni ne kuma daban. Yana zaune a ɗakin sarrafawa gaban alluna, yana kiran lambar kyamarar da za ta fita a cikin daƙiƙa, babu "a sake".

Maganar samun abin rayuwa gajera ce amma mai nauyi. Darakta ba ma'aikacin wata-wata ba ne. Aiki ya ƙare, albashi ya ƙare. Dogon fim na iya cin shekara biyu ko fiye daga rubutu zuwa fitowa, kuma da yawa daga ayyukan da ake shiryawa ba sa kai wa ga ɗauka. Shi ya sa za ka ga daraktoci suna cike giɓi da talla, da bidiyon waƙa, da koyarwa, da kashi-kashi na talabijin.

Fim na farko yana da wuya, amma na biyu shi ne ainihin jarrabawa. Na farko mutum yakan yi shi da labarin da ya shekara goma yana dafawa a zuciya, da abokan da suka yafe ladansu. Na biyu kuwa da kuɗin baƙi ake yinsa, da wa'adi, da idon masu jiran su ga ko na farkon sa'a ce. Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Charles Laughton, babban ɗan wasan Ingila, ya ba da umarni a fim ɗaya tak a 1955. Bai karɓu ba a lokacin, bai sake yin wani ba, sai bayan rasuwarsa aka gane darajar aikin.

Kasuwa kuma ba ta da alƙawari. Misalai biyu ne suka fi bayyana mini wannan. Spielberg ya shiga teku ɗaukar fim ɗin Jaws, labarin wani kifi mai cin mutane, da ya fito a 1975 da shirin kwana 55, aikin ya kai kwana 159, kasafin ya ninka fiye da sau biyu. Fim ɗin ya karya tarihin samun kuɗi, aka manta da duk wannan. Michael Cimino kuwa ya karɓi kyautar Oscar ta gwarzon darakta a 1979. Fim ɗinsa na gaba, Heaven's Gate na 1980, ya ci kusan dala miliyan 44, ya dawo da abin da bai kai miliyan 4 ba a Amurka. A 1981 aka sayar da kamfanin United Artists da ya yi shi, Cimino kuma bai sake samun irin wancan matsayi ba har ya rasu. Dukansu biyu sun zarce lokaci da kasafi. Abin da ya raba makomarsu shi ne abin da masu kallo suka yi a ƙofar silima, wanda babu daraktan da ke da iko a kansa. Ko suna ma ba ya tsare mutum. Kurosawa, wanda ya buɗe wa fina-finan Japan ƙofar duniya da kyautar da ya ci a bikin fina-finai na Venice a 1951, daga 1965 zuwa 1990 fim ɗaya yake iya fitarwa duk bayan shekara biyar. Na 1975 da kuɗin Tarayyar Sobiyet aka yi shi, na 1980 sai da George Lucas da Francis Ford Coppola suka sa baki aka sami cikon kuɗi daga Amurka, na 1985 kuma furodusa daga Faransa ne ya tallafa.

Tunda ba a iya sarrafa kasuwa, abin da ya rage a hannun darakta shi ne shaidar da ake yi masa. Kafin a ba mutum aiki, furodusa yakan kira wanda ya yi aiki da shi a baya. Tambayoyin ba su da yawa. Yana zuwa a shirye? Yana gama aikin yini? 'Yan wasa suna son sake aiki da shi? Idan abu ya ɓaci, yana neman mafita ko yana neman wanda zai ɗora wa laifi? A fina-finan da ba na manyan kamfanoni ba ma akwai kamfanonin da ke lamunce wa masu zuba jari cewa za a kammala aiki, kuma kwantiraginsu ya ba su ikon karɓe fim idan ya kauce wa jadawali da kasafi fiye da kima. Su ma suna da nasu sanin wanda za a iya tsaya wa.

Wannan tsari na "wa ya san ka, wa zai tsaya maka" yana da mummunan gefe, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. Mutane sukan tsaya wa masu kama da su. Alice Guy ta fara ba da umarni a kamfanin Gaumont na Faransa tun 1896, tana cikin mutanen farko a duniya da suka yi wannan aiki. Duk da haka, kyautar Oscar da aka fara bayarwa a 1929 ba ta sa mace cikin 'yan takarar gwarzon darakta ba sai Lina Wertmüller a 1977, kuma babu macen da ta ci sai Kathryn Bigelow a 2010. Chloé Zhao ta biyo baya a 2021, Jane Campion a 2022. Ba wanda zai ce tsawon waɗannan shekaru babu matan da suka iya. Damar gwadawa ce ba a ba su ba, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Katangar da ke tsakanin silima da talabijin ta yi ƙasa sosai a 'yan shekarun nan. A da, daraktan fim da ya koma talabijin ana ganin tauraronsa ne ya dusashe, duk da cewa Hitchcock ya yi shirinsa na talabijin tun 1955. Da zuwan dandalin kallo ta intanet abin ya sauya. David Fincher ya ɗauki kashi biyu na farko na wani babban shirin Netflix a 2013. A 2014 Cary Fukunaga ya ɗauki duka kashi takwas na zangon farko na wani shirin HBO shi kaɗai, Steven Soderbergh ma ya yi irin haka a wani shirin, zango biyu cur. Idan darakta ɗaya ne zai ɗauki zango gaba ɗaya, ana kammala rubutun tun kafin a fara, a ɗauke shi kamar dogon fim mai awa takwas, ikonsa kuma ya ƙaru ƙwarai.

Ga manyan daraktoci wannan ci gaba ne. Ga masu tasowa kuwa ina da damuwa. Tsohon tsarin zango mai kashi 22 a shekara yana buƙatar daraktoci goma ko fiye, kuma a cikin waɗannan gurabe ne ake gwada sabon hannu. Edita da ya daɗe a shirin, ko mataimakin darakta, ko mai kula da kwantiniti, ko ɗan wasa, sai a ce ya bi wani darakta yana kallo na kashi ɗaya ko biyu, sannan a ba shi kashi na tsakiyar zango, inda ƙwararrun ma'aikata za su rufa masa asiri idan ya yi tuntuɓe. Zango mai kashi takwas, wanda kowane kashi ke cin kuɗin ƙaramin fim, ba shi da irin wannan gurbi. Ana raba shi ga mutum biyu ko uku da aka riga aka sani. Kyamara ta yi arha, wayar hannu na ɗaukar hoto mai kyau, kowa na iya yin gajeren fim ya sa a YouTube, kuma wannan alheri ne babba. Amma ɗaukar fim da abokai biyar bai koya wa mutum yadda zai tsaya gaban ma'aikata tamanin da ke jiran bakinsa ba, kuma wuraren da ake koyon hakan da kuɗin wani suna raguwa. Masu shirya irin waɗannan gajerun zanguna su ne za su nemi ƙwararrun daraktoci nan da shekara goma, don haka a kansu ya rataya su ware ko da kashi ɗaya a kowane zango ga wanda bai taɓa yi ba, su haɗa shi da babban darakta da zai tsaya a bayansa.